Yadda ake ciro ƙima daga jadawalin ma'auni a manhajar lissafin farashi

Manhajar da ke fitar da farashi, ta kamfanin inshora ce ko ta masu jigilar kaya ko ta masu sayar da sari, ba ta riƙe lambobinta a cikin fomula. Lambobin suna zaune a gefe, cikin jadawalin ma'auni: ninkin shekarun direba, kuɗin kowane rukunin nauyi, rangwamen yawan kaya, harajin kowane yanki. Fomula tana zuwa ne ta yi tambaya, jadawali ya ba ta amsa, ta ninka ta wuce. An raba su haka domin a riƙa canza farashi ba tare da an taɓa lissafin ba.

Ninkawa da tarawa ba su cika ba da matsala ba. Wajen tambayar ne ake yin ɓarna, kuma mafi munin ɓarnar ita ce wadda ba ta nuna alama: manhaja ta ɗauko layin da ba shi ba, ta fitar da farashi mai kama da na gaske, ko tari ba ta yi ba. Ga misali da lambobin da aka shirya don bayani kawai. Asalin farashin inshorar mota 1,000 ne, ninkin matashin direba 1.60, na yanki 1.15, na girman inji 0.90. Farashi ya kama 1,656. In manhaja ta zame layi ɗaya ta ɗauko 1.10 a madadin 1.60, farashin zai koma 1,138.50. An yi asarar sama da kashi 31 cikin ɗari, kuma duk wanda ya kalli lambar ba zai ga wani abin tuhuma ba. Saboda haka burin duk matakan da ke ƙasa ɗaya ne: kowace tambaya ta dawo da layi ɗaya tak bisa dalilin da aka sani, in kuwa babu, ta tsaya ta yi ƙara.

Rubuta tambayar da baki kafin ka rubuta fomula

Abubuwa huɗu ake fara yankewa, a rubuce. Da wane mabuɗi za a nema: lambar kaya, shekaru, nauyi, ko haɗin biyu ko uku? Wace irin dacewa ake so: sak da sak, ko faɗawa cikin rukuni, ko ƙiyasi tsakanin layi biyu? Farashin wace rana ake nema? Me za a yi in ba a samu ba? Wanda ya tsara farashin shi ke da amsar waɗannan, ba mai rubuta manhaja ba. In aka bar wa mai manhaja ya yi hasashe, to shi ya yanke farashin kamfani ke nan ba da sanin kowa ba.

Gyara mabuɗi

Yawancin saƙon #N/A, wato "ba a samu ba", da ake gani a Excel alhali ido na ganin lambar a jadawali, daga nan suke. Lambar kaya 00451 rubutu ce, ba adadi ba. Da zarar an buɗe fayil ɗin CSV, wato jadawalin da aka ajiye a rubutu zalla, kai tsaye a Excel, sifilan farko kan zube, ta koma 451, kuma 451 na adadi ba zai dace da "451" na rubutu ba, balle "00451". Haka nan Excel ba ya riƙe fiye da lambobi 15 a adadi guda. Lambar da ta kai 16 sai ya mayar da ta ƙarshe sifili, har lambobi biyu mabambanta su zama iri ɗaya. Maganin shi ne a shigo da ginshiƙin mabuɗi a matsayin rubutu tun daga farko, a ɓangaren tambaya da na jadawali baki ɗaya.

Sai ɓoyayyar tazara. TRIM yana share tazarar da ke gaba da bayan rubutu, amma ba ya taɓa tazara mai lamba 160, wadda ke biyo rubutun da aka kwafo daga shafin intanet. Ita sai an fara musanya ta da SUBSTITUTE sannan a yi TRIM. Hanya mafi sauƙi ta gano ta: a auna tsawon rubutun da LEN. In ido na ganin haruffa biyar, LEN ya ce shida, ka kama ɓarawon.

Manya da ƙananan baƙaƙe ma sai an yi shawara a kansu. VLOOKUP, fomular nema ta Excel, bai bambanta "ab12" da "AB12", amma Python, yaren rubuta manhaja, yana bambantawa, wasu rumbunan bayanai ma haka, ya danganta da saitinsu. Ka mayar da kowane mabuɗi manyan baƙaƙe kafin ya shiga jadawali, ka huta.

In mabuɗin haɗi ne na ginshiƙi biyu, a sa alama a tsakani. Yanki 1 da aji 11 in aka manne su sun zama 111, yanki 11 da aji 1 ma 111. Da alamar tsakani kuwa 1|11 da 11|1 ba sa haɗuwa.

Dacewa sak da sak

Wannan ta lambar kaya ce, da lambar yanki, da ajin mota. A Excel:

=VLOOKUP(A2, Yankuna, 3, 0)

Sifilin ƙarshe, ko FALSE, shi ke cewa a nemi daidai. In aka manta shi, VLOOKUP zai koma neman mafi kusa, ya kawo ninkin wani yanki dabam. Lambar 3 ɗin nan ma tarko ce: ranar da wani ya saka sabon ginshiƙi a tsakiyar jadawali, fomula za ta ci gaba da karanta na uku, alhali abin da ake nema ya koma na huɗu. Shi ya sa INDEX da MATCH suka fi aminci, ko XLOOKUP da Microsoft ya sanar a 2019, wanda ke cikin Excel 2021 da Microsoft 365. Shi ana nuna masa ginshiƙin nema da ginshiƙin amsa ne kai tsaye, kuma dacewa sak ita ce ɗabi'arsa in ba a ce masa komai ba:

=XLOOKUP(A2, LambarYanki, NinkinYanki)

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: ko da an sa sifili, VLOOKUP yana ɗaukar alamar tauraro da alamar tambaya a cikin mabuɗin rubutu a matsayin "kowane harafi". Lambar kaya mai ɗauke da tauraro za ta iya dacewa da wani kayan da ya riga ta a jeri.

Dole mabuɗi ya zama bai maimaitu ba. VLOOKUP zai ɗauki na farko ya yi shiru a kan na biyu. SQL kuwa, yaren tambayar rumbun bayanai, zai dawo da duka biyun, layin oda ɗaya ya zama biyu, jimilla ta kumbura. Ka binciki maimaici da COUNTIF, a rumbun bayanai kuma ka sa dokar hana maimaici a kan ginshiƙin. Sannan wajen haɗa jadawali biyu a SQL ka yi amfani da LEFT JOIN maimakon INNER JOIN, domin na biyun yana jefar da duk layin da bai sami abokin dacewa ba, kayan da ba su da farashi su ɓace daga takardar kuɗi gaba ɗaya. Ka ƙirga layuka kafin haɗawa da bayan haɗawa. Dole adadin ya zo ɗaya.

Rukuni da iyakokinsa

A nan gizo ke saƙar. Dubi jadawalin nauyi kamar yadda ake yawan rubuta shi a takarda: kilo 0 zuwa 5, 6 zuwa 10, 11 zuwa 20. Kunshi mai kilo 5.4 ina zai faɗa? Babu gurbinsa. Wani sai ya gyara ya rubuta 0 zuwa 5, 5 zuwa 10, 10 zuwa 20. Yanzu kunshi mai kilo 5 cif yana da gurbi biyu, kuma BETWEEN na SQL yana haɗawa da iyakar ƙasa da ta sama duka, don haka zai kawo layi biyu.

Tsari mai tsabta shi ne a rufe iyaka ɗaya a buɗe ɗaya, kuma a ajiye iyaka ɗaya kacal a jadawali, ta yadda giɓi ko karo ba zai yiwu ba:

| Daga shekara | Ninki |
|---|---|
| 18 | 1.60 |
| 25 | 1.10 |
| 40 | 1.00 |
| 60 | 1.25 |
| 100 | a tsaya |

Kowane layi yana aiki daga lambarsa har zuwa dab da lambar layi na gaba. Mai shekara 24 yana kan 1.60, mai 25 ya shiga 1.10. Fomula ita ce VLOOKUP da 1 a ƙarshe, ko:

=XLOOKUP(B2, DagaShekara, Ninki, , -1)

Wato daidai, ko mafi kusa daga ƙasa.

Amma sai an karanta takardar farashin da kyau. In ta ce "har zuwa kilo 5", kunshi mai kilo 5 cif na rukunin farko ne, alhali tsarin iyakar ƙasa zai tura shi rukuni na biyu a caji abokin ciniki fiye da yarjejeniya. A irin wannan, iyakar sama ake ajiyewa, a sa 1 a madadin -1 a XLOOKUP, wato daidai ko mafi kusa daga sama. Kada a yi dabarar rubuta 5.01 a matsayin farkon rukuni na biyu. Ranar da sikeli ya ba da 5.005 sai a koma gidan jiya.

Layin ƙarshe na jadawalin, mai 100, da gangan aka sa shi. Neman mafi kusa ba ya sanin an wuce gona da iri: in mai shigar da bayani ya rubuta 250 a madadin 25, manhaja za ta ba shi ninkin layin ƙarshe hankali kwance. Abin da ya gaza layin farko yana jawo #N/A da kansa, amma abin da ya zarce na ƙarshe sai an gina masa katanga.

VLOOKUP da MATCH masu neman mafi kusa suna buƙatar jadawali a jere daga ƙarami zuwa babba, kuma yana da kyau a san dalili. Ba sa bin layuka ɗaya bayan ɗaya. Suna duba tsakiya, su ga ko abin nema ya fi ko bai kai ba, su watsar da rabi, su sake raba ragowar biyu. In wani ya ƙara layin shekara 30 a ƙasan jadawali bayan 60, wasu shekarun za su ci gaba da samun amsa daidai, wasu su sami ta bogi, babu saƙon kuskure ko ɗaya. XLOOKUP a saitinsa na asali yana bin layuka duka, don haka rashin jeri bai dame shi ba. A Python, bisect yana da irin buƙatar VLOOKUP, merge_asof na pandas, kayan aikin jadawali na Python, kuwa yana ƙin aiki ne in ba a jera ba, wanda shi ne halin da ake so.

Sai matsalar lambobin bayan ɗigo. Kwamfuta ba ta iya ajiye 0.1 daidai a tsarinta na sifili da ɗaya, shi ya sa 0.1 da 0.2 in aka tara su a Python ake samun 0.30000000000000004. Nauyin da aka taro daga kaya da yawa zai iya tsayawa gashi ɗaya ƙasa da 5 ko sama da 5, fuskar kwamfuta tana nuna 5.00, manhaja kuwa ta jefa shi rukunin da ba nasa ba. Ko dai a taƙaita lambar da ROUND kafin a nema, ko a ajiye nauyi da giram, kuɗi kuma da mafi ƙanƙantar ɓangarensa, duka a cikakkiyar lamba. Ta biyun ta fi inganci.

Shekaru ma kada a ɗauke su a matsayin abu mai sauƙi. Wasu jadawalan inshora suna aiki da shekarun da mutum ya cika, wasu da ranar haihuwa mafi kusa, ta yadda mai shekara 24 da wata bakwai zai zama 25. Kuma a wace rana ake ƙirgawa, ranar neman farashi ko ranar da inshorar za ta fara? Ga wanda ke bakin iyaka, bambancin 1.60 da 1.10 ke nan.

A rangwamen yawan kaya akwai tambaya ɗaya da ba a tsallakewa. A ce guda 1 zuwa 100 ana sayar da kowanne 10, daga 101 kuma 9. In sabon farashin ya shafi kayan duka, mai sayen 101 zai biya 909, ƙasa da 1,000 ɗin da mai sayen 100 zai biya. In kuwa mataki-mataki ne, zai biya 1,000 na ɗarin farko da 9 na ƙarin, 1,009 ke nan. Duka tsarin biyu ana amfani da su, amma na farko layi ɗaya yake nema, na biyu kuwa yana tara duk layukan da aka ratsa. Jadawalin iri ɗaya ne a ido, don haka a rubuta a kansa wanne ake nufi.

Ƙiyasin tsakani da jadawali mai fuska biyu

Wasu jadawalan maki ne a kan layi, ba rukuni ba. Darajar dukiya 100,000 ninkinta 1.00, 200,000 ninkinta 1.60. Ga 150,000, a nemo layin ƙasa da na sama, a ga rabin tazara aka ci, a ƙara rabin bambancin: 1.00 da 0.30, wato 1.30. A kula da wanda ya faɗa kan layin ƙarshe daidai, domin ba shi da na sama, fomula za ta iya raba lamba da sifili. Kada kuma a miƙa layin ya wuce ƙarshen jadawali sai da izinin mai farashin.

Jadawali mai nauyi a tsaye da yanki a kwance kuwa INDEX ne da MATCH biyu, kowanne da irin dacewarsa: nauyi na rukuni, yanki sak da sak.

=INDEX(Kudi, MATCH(B2, Nauyi, 1), MATCH(C2, Yanki, 0))

Ranar da farashi ke aiki

Ba a goge tsohon farashi a rubuta sabo a kansa. Ana rufe tsohon layi da ranar ƙarewa, a buɗe sabo da ranar farawa. In ba haka ba, ranar da abokin ciniki ya dawo da ƙorafi kan takardar bara, babu mai iya sake fitar da lambar da aka caje shi. Layin da bai da ranar ƙarewa a ba shi 9999-12-31 maimakon a bar gurbin fanko, saboda a SQL duk kwatancen da aka yi da NULL, wato gurbin fanko, ba ya zama gaskiya, layin sai ya ɓace daga sakamako.

Dokar iyaka ta rukuni ita ce a nan ma:

WHERE lambar_kaya = :kaya AND fara <= :rana AND :rana < karewa

Dalili shi ne in ranar tana ɗauke da lokaci, BETWEEN daga 1 zuwa 31 ga Janairu yana tsayawa ne da tsakar daren da 31 ta shiga, odar da aka yi da la'asar ranar ta rasa farashi. Da wannan tsarin, ranar ƙarewar tsohon layi ita ce ranar farawar sabo. A rubuta rana da tsarin ISO 8601, shekara, wata, rana, domin 03/04/2025 Maris ce a Amurka, Afrilu ce a Ingila. Kuma a tsayar da rana ɗaya da ake tambaya da ita, ta oda ko ta kai kaya ko ta takardar kuɗi, a aika ta cikin tambayar. Fomular da ke dogara da TODAY za ta canza farashin jiya duk lokacin da aka buɗe fayil.

In ba a samu ba

Manyan manhajoji suna da jerin komawa baya. A SAP, manhajar gudanar da harkokin kamfanoni, misali, ana fara neman farashin wannan abokin ciniki a kan wannan kaya, in babu a duba na rukuninsa, in babu a ɗauki farashin kowa da kowa, kuma ana iya saita shi ya tsaya a na farkon da ya samu. Duk mai gina irin wannan da hannunsa ya sa ginshiƙin fifiko, ya tabbatar babu layi biyu masu fifiko ɗaya da za su dace da tambaya ɗaya. Komawa baya irin wannan shawara ce ta kasuwanci, a rubuce take.

Abin da ba a yarda da shi ba shi ne lulluɓe fomula da IFERROR a ce ta dawo da 0 ko 1 don fuskar jadawali ta yi kyau. Sifili yana mayar da farashi kyauta, wannan kam ana saurin ganewa. Ɗaya ya fi haɗari: ninkin ya ɓace, farashi ya fito lafiya lau, a yi wata da watanni ana sayarwa a haka. IFERROR kuma yana haɗiye kowane irin kuskure, har da fomular da ta karye. In dole ne, a yi amfani da IFNA, wanda ke kama rashin samu kaɗai, kuma abin da zai dawo da shi ya zama saƙo ne da ke hana farashi fita. A lura kuma cewa in mabuɗi ya dace amma akwatin amsa fanko ne, VLOOKUP sifili yake kawowa, ba kuskure ba, don haka a binciki akwatunan da babu komai duk lokacin da aka loda jadawali.

Gwaji kafin a saki sabon jadawali

Tsakiyar rukuni ba ta koyar da komai. Iyakoki ake gwadawa. Ga kowace iyaka a gwada uku: dab da ita, a kanta, da gaba kaɗan. A jadawalin shekaru, 24 da 25 da 26, sannan 17 da 18, 99 da 100. A nauyi, 4.999 da 5 da 5.001. A rana, ranar ƙarshe ta tsohon farashi da yamma, da safiyar sabo. A ƙara mabuɗin da babu shi, da fanko, da lamba mai ragi; kowannensu dole ya tsayar da lissafi. Amsoshin da ake sa rai mutum ne zai lissafa su da hannu daga takardar farashi, ba daga manhajar da ake gwadawa ba.

In ana kwatanta Excel da wata manhaja aka ga bambancin ƙwaya ɗaya a ƙarshe, a duba taƙaitawa kafin a zargi jadawali. ROUND na Excel yana mayar da 2.5 zuwa 3, round na Python kuwa zuwa 2, domin shi yana karkata ne ga lambar da ke rabuwa biyu. A bar ninkoki da cikakkun lambobinsu, a taƙaita sau ɗaya a ƙarshe, sai fa in takardar farashi ta ce a yi a kowane mataki.

Daga nan a ɗauki tarin tsofaffin oda ko inshorar da ke aiki, a lissafa su da tsohon jadawali da sabo, a jera bambancin daga mafi girma. In an taɓa ninkin yanki ɗaya ne kawai, duk farashin da ya motsa a wani yankin alama ce ta jeri ya lalace ko mabuɗi ya maimaitu. Kuma kowane farashi da manhaja ta fitar ya tafi da shaidarsa a ajiye: sunan jadawali, lambar zubinsa, lambar layin da aka ɗauka, mabuɗin da aka nema da shi bayan an gyara, da ranar da aka yi tambaya da ita.